Ranar da Shagon Baba Ya Zaunu

A bakin ma'aikaciyar asibiti kalmar "zaunuwa" ta shigo gidan, kuma tun da ta shigo ba ta bar kowa ya sha ruwa da daɗi ba.

Baba Mai Makulli ya daɗe a kwance, tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a ƙofar shagonsa. Hannun hagu da ƙafar hagu sun daina jin maganarsa, harshe ya yi nauyi, likitoci kuma suka ce abin da asibiti zai iya ya riga ya yi, saura jinya. A nan aka haɗa 'ya'yansa da wata mata gajeriya mai farin gilashi, wadda ba ta rabo da tef ɗin awo a jaka. Aikinta ke nan: kafin a sallami irin su Baba, ita ke zuwa ta ga inda za a kai su. Ba ta yi musu kwana-kwana ba. Ta ce in akwai wurin da yake zaunuwa ga tsohon, za a ba su abinsu su tafi da shi. In babu, an riga an tanadar masa gado a gidan kula da tsofaffi can ƙarshen gari, inda ake ganin mutum a lokacin da aka tsara, a kaɗa ƙararrawa idan lokacin ya cika.

Baba yana jin su daga kan gado. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa a baki ya ce, "Gida." Kalmar ta fito a karkace, amma ba wanda ya nemi a maimaita masa.

Gidan kuwa a saman bene yake, da wata matakala mai ƙunci da lanƙwasa wadda mai lafiya ma sai ya tsaya a tsakiya ya mayar da numfashi. Keken marasa lafiya ba zai hau ta ba ko da an roƙe shi. Abin da ke ƙasa shagon Baba ne kawai: ɗaki ɗaya mai zurfi, da babbar ƙofar ƙarfe a kan titi, da wata ƙarama a gefe mai fita gindin matakala, da ɗan banɗaki a baya. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana yanka wa mutane makulli, yana gyara musu kuba idan ta cije, yana buɗe wa wanda ya kulle kansa a waje. Bangon dama tun daga sama har ƙasa ƙusoshi ne, kowace ƙusa da makullin da ke rataye a jikinta.

Da suka dawo gida da yamma aka zauna a falo ana juya kalmar ma'aikaciyar. Auta, wanda ke tuƙa motar raba kaya, ya ce ai ba wani abu ba ne, in rufi ba ya yoyo, akwai ruwa da wuta, wuri ya zaunu. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce ita a saninta wurin da babu maƙwabcin da za ka yi faɗa da shi da safe ku shirya da yamma ba ya zaunuwa, ko da bangonsa na zinariya ne. Yaya, babbar 'yar Baba, ta bari suka gama, sannan ta ajiye kofin shayinta daidai tsakiyar faranti ta ce in dai maganar ɗaki ce, to su bar wa masu ita.

Ba cika baki ta yi ba. Ita ce shugabar masu gyaran ɗakuna a wani babban otal, kuma ba a banza matan da ke ƙarƙashinta suke kiranta Tsaf-tsaf ba, a bayan idonta. Da yatsa ɗaya take shafa saman ƙofa ta san ko an yi aiki ko an yi ha'inci. Gashi ɗaya a kan matashi ya isa ta sa a kwance gado a sake shimfiɗa. Abin da take koya wa kowace sabuwar ma'aikaciya ɗaya ne: baƙo ya shigo ya ji kamar ba a taɓa kwana a ɗakin ba. A ƙugunta akwai makullin da ke buɗe kowane ɗaki a ginin, kuma tana alfahari da shi fiye da yadda za ta yarda ta faɗa. Shagon Baba kuwa tun tana yarinya yake ci mata tuwo a ƙwarya, da garin ƙarfen da ke bin takalmi har saman bene, da warin man inji da ke kama tufafi. Yanzu dama ta samu, ga kuma dalili mai kyau. Tana son ubanta ya dawo gida, wannan ba ƙarya ba ne.

Ta ɗauki hutu ta zage damtse. Aka fitar da teburin aiki da injin yankan makulli aka jibge su a ƙarƙashin matakala. Makullan bango ta sauke su kaf, ta jiƙa su a ruwan sabulu, ta goge, ta shanya, sannan ta ware su yadda hankali zai ɗauka: masu ruwan tagulla a kwali ɗaya, farare a wani, manya daban, ƙanana daban. Aka cire ƙusoshi, aka cike ramukansu, aka shafe bango da farin fenti. Aka faɗaɗa ƙofar gefe don keke ya wuce, aka kafa ƙarfen kamawa a banɗaki da gefen gado. Babbar ƙofar titi kuwa ta sa aka rufe ta ruf, ta saki labule mai kauri a kanta, domin a ganinta mara lafiya ba ya buƙatar hayaniyar motoci da surutun masu wucewa. A ƙofar gefe ta sa sabuwar kuba mai sheƙi, makullin kuma ta zura shi cikin tarin nata.

Gwaggo ta sauko ta leƙa, ta ga farin zanen gado a miƙe ba ko lanƙwasa, ta ga tawul an naɗe shi an ɗora a ƙafar gado. Ta ce ma sha Allah, saura a manna lamba a ƙofa a kawo wa yayanta takardar biyan kuɗin kwana. Auta ya fashe da dariya, Yaya ta harare shi, ya mayar da dariyar tari.

Ranar gwaji aka kawo Baba a motar asibiti, ma'aikaciyar tana biye. Ta auna faɗin ƙofa, ta jijjiga ƙarfen banɗaki da hannu biyu, ta buɗe famfo, ta kunna fitila ta kashe, tana gyaɗa kai. Ta tambaya wa ke riƙe da makullin ɗakin, Yaya ta kaɗa mata tarin da ke hannunta. Daga nan matar ta yi abin da ta ce a kowane gida take yi: ta tura keken Baba tsakiyar ɗaki, ta sa kowa ya koma jikin bango ya harɗe hannu a baya, ta ce kada wanda ya miƙa masa komai, kada wanda ya yi masa magana. So take ta ga abin da zai nufa da kansa. A asibiti ai ya koyi jan keken da hannun dama da ƙafar dama, ta gani da idonta.

Baba ya dubi bangon dama. Ya daɗe yana dubansa. Ya juya ya dubi labule, ya dubi gado da tawul ɗinsa. Ga ruwa a kofi a kan ɗan tebur, taku biyu ne tsakaninsu, ga leɓɓansa a bushe, amma hannunsa bai motsa daga kan cinyarsa ba. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙamshin fenti da na maganin wanke ƙasa. Can ya ɗago ya nemi fuskar babbar 'yarsa, ya yi mata tambaya cikin ladabi irin na baƙo.

"Ɗakin wa?"

Ta ce nasa ne, Baba, shagonsa ne aka gyara masa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa labarin wani gari, ya lumshe ido, bai sake buɗewa ba har aka mayar da shi mota.

A gindin matakala ma'aikaciyar ta tsaya da Yaya. Ta ce ta shiga gidaje da yawa, ba ta taɓa ganin ɗaki mai tsabtar wannan ba, awo kuma ko'ina ya cika. Amma ba za ta rubuta cewa yana zaunuwa ba. Yaya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi, ta tambaya me ya rage, a faɗa mata yanzu ta sa a yi.

"Ba a ginin yake ba," in ji matar. "A aikinmu ba ma cewa ɗaki yana zaunuwa mu yi shiru, sai mun faɗi ga wa. Wannan zai zaunu ga duk wanda aka kawo. Mahaifinki ne ban ga alamar zai zauna ba. Wanda bai miƙa hannu ya ɗauki ruwa ina tsaye ba, in na tafi ma ba zai ɗauka ba, ke kuma aiki za ki koma. Gara inda ake ɗura masa."

Ta ce za ta sake kawo shi mako mai zuwa, daga nan kuma ba ta da ikon riƙe masa gadon asibiti.

Yaya ta hau sama tana huci. Ta ce matar nan ba ta san ɗaki ba, ta ce wasu dai in aka ba su tef ɗin awo sai su ɗauka su suka gina duniya. Amma ita kanta ba ta yarda da abin da take faɗa ba. Abin da ke cin ranta ba maganar matar ba ce. Tambayar Baba ce, da yadda ya yi ta a hankali, kamar yana tsoron ɓata wa masu gida.

Washegari da hantsi mai gidan biredin da ke tsallaken titi ta zo tana haki. Ta yar da makullin ɗakin ajiyarta na baya, tana so a ba ta na ajiya wanda ta bar wa Baba tun shekarun baya. Sai a lokacin Gwaggo ta tuna wa Yaya abin da kowa a unguwar ya sani, ita kaɗai ta manta don ba ta taɓa tsayawa a shagon ta duba ba. Rabin makullan bangon nan ba na sayarwa ba ne, amanar mutane ce. Duk wanda Baba ya yanka wa makulli yakan bar ɗaya a wurinsa saboda ranar tsautsayi. Bai taɓa rubuta suna a jikin ko ɗaya ba, don kada ɓarawo ya fasa shago ya samu unguwa guda a hannu. Yadda layukan unguwar suke a ƙasa, haka yake jera su a bango, gida bayan gida, sauran kuma yana kansa.

Yaya ta buɗe kwali na farko, ta buɗe na biyu. Makullai suna ta ƙyalli, sun sha wanka, ba ka bambanta na gidan liman da na shagon aski. Mai biredi ta tona ta tona, ta ɗago ta ce duk kamarsu ɗaya, bari kawai ta nemo wanda zai fasa ƙofar. Yaya ta tsaya da kwali a hannu, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ba ta san lokacin da ta ce wa matar ta yi wa Allah kada ta fasa, ta ɗan lallaɓa da buhunan fulawar da ke waje zuwa mako mai zuwa.

Hutunta ya ƙare, ta koma otal da wannan nauyin. A hawa na sama akwai wani dattijon injiniya da kamfaninsa ya ajiye wata da watanni, wanda ya zame mata ƙarfen ƙafa. Kullum sai ya ja kujera daga inda aka tsara mata ya kai ta bakin taga, ya rataye hularsa a kan fitila, ya jera robobin maganinsa a kan talabijin. Kullum matan da ke ƙarƙashinta su mayar da komai mazauninsa, kullum ya dawo ya sake. Ran nan ta ƙwanƙwasa sau ɗaya kamar yadda suka saba, ta buɗe ba ta jira amsa ba, ta tarar ba ya nan. Ta kama kujerar za ta ja, sai idonta ya faɗa kan darduma. Ƙafafun kujerar sun yi ramuka a bakin taga, inda yake zama. Inda otal ya tsara mata kuwa ko alama babu. Ta saki kujerar. A duk hawan nan, wannan ne kaɗai ɗakin da za ka shiga ka san da mutum a ciki, shi ne kuma take yaƙa kowace safiya. Shekara da shekaru abin da ta ƙware a kai shi ne share sawun mutum daga ɗaki, ta ɗauki wannan ƙwarewar ta kai wa ubanta. Ta fito ta ce wa mai gyaran hawan daga yau a canza wa dattijon zanen gado a wanke masa banɗaki, amma kujera da hula a bar su inda ya bar su. Matar ta bi ta da kallo har ta sha kwana.

Da yamma ta tara Auta da Gwaggo ta ce za a mayar da shago yadda yake. Auta ya dafe kai ya ce bayansa bai gama warkewa daga fitar da injin ba. Aka mayar da injin duk da haka. Aka kira kafinta ya rage wa teburin aiki ƙafafu yadda keke zai shige ƙarƙashinsa. Aka matsar da gado can ciki, aka yaye labule, aka buɗe ƙofar titi, aka zuba siminti a bakinta aka yi gangare. A bangon dama aka kafa katako aka buga ƙusoshi layi-layi, iya inda hannun mai zaune zai kai. Yaya tana kallon guduma tana cin farin fentinta, tana jin kowane bugu a haƙarƙarinta.

Saura makullai. Ta zauna a gaban kwalaye tana ƙoƙarin tuno wanda ke ina, tana tambayar Gwaggo ko na gidan tela doguwar wuya gare shi. Ta ce za ta bi gida-gida tana gwadawa, ko da zai kai ta asuba, don dai kada ma'aikaciyar ta zo ta tarar da aiki rabi da rabi. Gwaggo ta karɓe makullin da ke hannunta ta jefa shi cikin kwali.

"Ke dai ba kya iya barin abu," in ji ta. "Kin yi taki ɓarnar, ki bar wa mai shi gyaran."

A duk abin da Yaya ta yi a makon nan, wannan ne ya fi mata wuya. Ita da ba ta taɓa bari wani ya ga ɗakin da ba ta gama ba, ta bar kwalaye a buɗe a kan tebur, bango da ƙusoshi tsirara, magagari da guduma a inda kafinta ya yar da su. Ranar da za a zo ta sauko da tsumma sau ba adadi tana komawa da shi. Ƙarshe Auta ya ƙwace tsumman ya cusa a aljihu.

Wannan karon ta ƙofar titi aka shigo da Baba. Ma'aikaciyar ta dubi wurin ta cikin gilashinta, ta dubi Yaya. Ta tura keken tsakiyar ɗaki, kowa ya koma jikin bango ya harɗe hannu a baya. Motoci suna wucewa, wani yana tallan lemo, ƙamshin biredi yana shigowa daga tsallake. Mai biredin kanta tana tsaye a bakin gangare da gari a hannu.

Baba ya dubi ƙusoshi. Ya dubi injinsa. Sannan idonsa ya sauka kan kwalaye, Yaya kuma ta ga jijiyar goshinsa ta tashi, jijiyar da suka sani tun suna yara, wadda in ta tashi kowa ke neman abin yi a waje. Hannun dama ya sauka kan taya, ƙafar dama ta dafa ƙasa, keken ya motsa. Ya karkace ya bugi ƙafar tebur, Auta ya zabura zai taimaka, ma'aikaciyar ta tare shi da hannu. Baba ya ja baya, ya gyara, ya shige. Ya tsoma hannu cikin kwali ya damƙo makullai, ya baza su a kan tebur, ya ga na gidan wanzami kwance a kan na makarantar yara don kawai launinsu ɗaya.

"Wane mara aikin yi ne ya yi wannan?"

Maganar ta fito da nauyi, wasu haruffan sun maƙale a hanya, amma tun da ya kwanta bai haɗa kalmomi masu yawan haka ba. Yaya ta ce ita ce, Baba. Ya ce dama ya sani. Ya ce tun tana ƙarama haka take, ta taɓa wanke masa dutsen wasa wuƙa da sabulu. Ya ce amanar mutane ce aka zuba a kwali kamar gyaɗa. Yana faɗa yana shafa haƙoran makullai da babban yatsa, yana miƙa hannu yana ratayawa, wannan can sama, wannan a layi na ƙasa, wannan a kusurwa. Yaya tana jikin bango ana wanke ta tas a gaban baƙuwa da maƙwabta, hawaye na zuba, ba ta kuma taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Mai biredi ta yi gyaran murya ta gaishe shi, ta fara bayanin ɗakin ajiyarta. Bai bari ta gama ba. Ya ce a juye masa kwalin ƙanana. Da ya ga ba wanda ya motsa, ya yi tsaki ya jawo kwalin da kansa ya kifar. Ya tona, ya ɗauki ɗaya ya ajiye, ya ɗauki wani mai ɗan tabo a wuya ya miƙa mata, ya ce ta gwada, kuma wannan karon ta ɗaure shi da zare. Ta tsallaka titi da gudu. Ba a jima ba aka jiyo ta daga can tana ɗaga hannu tana cewa ya buɗe.

Kafin ka ce kwabo bakin shago ya cika. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, tela ya zo yana tambayar ko nasa yana nan, Baba ya ce masa ya jira layinsu bai zo ba. Faɗa ya busar masa da maƙogwaro, sai ya juya keke ya nufi ɗan tebur, ya ɗauki kofi ya sha, rabin ruwan ya zuba a riga bai ko kula ba. Jim kaɗan ya nufi banɗaki, ya kama ƙarfen da Yaya ta sa aka kafa, ya turo ƙofa a fuskar kowa. Gwaggo ta ce to, yayanta ya dawo.

Ma'aikaciyar ta zauna a bakin gado, a kan zanen da har yanzu yake a miƙe, ta ɗora takarda a gwiwa ta yi rubutu. Ta juyo da ita yadda Yaya za ta gani. Layi ɗaya ne: wurin yana zaunuwa ga mai shi. Ta ce ƙarfen banɗaki da faɗin ƙofa da gangaren nan su suka sa ya iya, kada Yaya ta raina aikinta. Kwalayen ne suka sa ya so. Abu ɗaya ya rage mata, kubar ƙofar gefe, domin sai an ɗaga mariƙi da hannu ɗaya a murɗa makulli da ɗayan. Baba yana fitowa ya ji, ya ce shi ma tun shigowarsa ya ga wannan abin kunyar, a ƙofar mai makulli.

A ranar aka cire ta. Baba ya sa Auta ya tono wata tsohuwar kuba daga ƙasan akwatin kayan aiki, irin wadda murɗawa ɗaya ke buɗe ta. Makulli ɗaya gare ta, ma'aikaciyar kuma ta ce dole a samu na biyu a hannun wani. Aka kunna injin. Baba ya kira Yaya ya ce ta zo ta zama hannunsa na hagu, ta riƙe nan, ta danne, kada ta saki sai ya ce. Injin ya yi ƙara, garin ƙarfe ya tashi ya sauka a kan farar rigar aikinta, ba ta kaɗe ba. Da aka gama ya goge bakin sabon makullin da magagari, ya hura, ya miƙa mata, amma bai saki ba sai da ta dube shi.

"Wannan na ranar tsautsayi ne," ya ce. "Sauran ranaku, ki ƙwanƙwasa."

Aka kammala takardun sallama, aka kira gidan kula da tsofaffi aka ce su ba wani gadon.

Kashegari da sassafe, kafin ta tafi aiki, Yaya ta sauko da shayi a faranti. A gindin matakala hannunta ya tafi ƙugu da kansa, ya taɓa makullin, ta janye shi. Ta ƙwanƙwasa. Daga ciki ta ji ƙarar makullai suna gogar juna, ta ji taya tana juyawa a kan siminti, ta ji an yi karo da wani abu an yi tsaki.

"Waye?"

"Ni ce, Baba."

"Ana zuwa."

Ya ɗauki lokacinsa. Motar da take bi zuwa otal ta zo ta wuce, shayin ya fara hucewa a hannunta, ga makulli a jikinta wanda zai buɗe ƙofar nan cikin ƙiftawar ido. Ta gyara tsayuwa tana murmushi ita kaɗai, ta jira har mai ɗakin ya buɗe mata.